Yadda Za Ka Kai Matarka A Ƙara Mata Ƙirji Ba Tare Da Ka Tambaye Ta Ba

Malam, gyara zama. Idan kana cikin mazan da suka wayi gari suka ƙare wa matansu kallo, suka ga haihuwa da shayarwa sun yi musu ɓarna a kaya, to ka zo inda ya dace. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na ɗaukar maka alkawari gidanka zai canza, canjin da har maƙwabta sai sun lura. Ba a bin hanyata a tashi a tutar babu.

Kada ka tambaye ni takardar shaida. Shaidata ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, dillalin motoci, wanda na goya da bayan nan nawa. Shi ya gwada hanyar daga farko har ƙarshe ina kallo. Kuma a harkar nono ba baƙo ba ne. Yana gudu yana surutu ya ƙi yarda a yaye shi, sai da mahaifiyarmu ta shafa abu mai ɗaci sannan ya haƙura, yana hararar kowa. Saboda haka abin da za ka karanta ilimi ne na wanda ya daɗe a fagen.

Mataki na 1: Yi bincike

Mutum kan zauna da mace shekara da shekaru bai san tana da matsala ba, don kawai bai yi bincike ba. Idan ciniki ya yi sanyi a wurin aiki, jawo kujera inuwa, ka yi ta shafa waya da babban yatsa. Za ka ga matan da aka gyara wa hoto har su kansu ba za su gane kansu a hanya ba. Da su za ka auna uwar 'ya'yanka.

Nemi shawarar masana. Ƙanena ya tuntuɓi maƙwabcinsa mai sayar da taya, tuzuru, wanda ko zance bai taɓa zuwa ba. Mai taya ya ce, "Ai yanzu ba a zama da abin da ya sace. Cirewa ake a sa sabo." Ƙanena ya ce rabonsa da jin magana mai ma'ana irin wannan har ya manta.

Gargaɗi: a wannan lokacin ka kauce wa madubi. Ƙanena tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki, gashin tsakiyar kansa kuwa ya daɗe da yi mana sallama. Madubi ba ya taimaka wa mai bincike.

Mataki na 2: Koyi rashin ji

Wannan matakin shi ne ginshiƙi, kada ka tsallake shi. Kana cikin tsara yadda za a gyara ta, za ta zo maka da wani ƙorafi nata da ba ya cikin tsarinka.

Matar ƙanena, wadda muke kira Maman Auta, tun da ta haifi na huɗunsu wani kumburi ke fito mata kusa da cibiya. Da ta ɗaga tukunyar gas ko bokitin jiƙaƙƙen wanki, sai ya ɓullo kamar ƙwan kaza. Sai ta dafa bango, ta cije leɓe, ta danna shi da tafin hannu har ya koma. Sannan ta ce, "Baban Auta, abin nan fa ya sake fitowa."

Ga amsoshin da aka gwada suka yi aiki, zaɓi wadda ta yi maka: "Iska ce." "Sha ruwan ɗumi." "Bari in sayar da motar nan tukuna." Da waɗannan ukun ƙanena ya riƙe ta har Auta ya yi rarrafe, ya yi tafiya, ya iya tsiwa. An sayar da motar, an sayar da ƙannenta, asibiti shiru.

Idan yayarka ta sa baki, kamar yadda na yi ta yi har bakina ya gaji, ka yi murmushi ka ce, "Yaya, ke ma kin san mata da raki." Zai ƙona mata rai, ni dai ya ƙona nawa, amma za ta yi shiru ta tafi gida.

Mataki na 3: Yi habaici

Kada ka fito fili. Miƙa mata waya tana tsakiyar guga, ka ce, "Dubi wannan, wai 'ya'yanta biyar." Idan ta ce, "Allah ya raya mata," ta ci gaba da guga, kada ka karaya.

Sayo mata rigar mama wadda ta fi ƙarfinta nesa ba kusa ba, ka ce kuskuren mai shago ne. Mace mai hankali za ta gane saƙon. Maman Auta ta juya rigar, ta yaba ƙwarin ɗinkinta, ta rataye ta a ƙusa a kicin. Albasa a ɓangare ɗaya, tafarnuwa a ɗayan. Har yau suna nan.

Mataki na 4: Zaɓi mai aiki

Kada ka wahalar da kanka da tambayar ko mutum ya karanci tiyata, ko yana da lasisi, ko akwai wanda zai farfaɗo da ita in numfashi ya tsaya. Irin waɗannan tambayoyin tsada suke jawowa. Mai taya ya san wani da ke yi a ɗakin bayan shagon gyaran gashi, ba ya tambayar komai, har lemo yake bayarwa.

A nan ne ƙanena ya yi kuskure, kuma ina faɗa maka don ka kiyaye. Son a sani ya kai shi wani asibiti mai ƙofar gilashi da sanyin na'ura, don ya samu abin ba da labari a wurin aiki. Bai san a irin wuraren nan akan yi rashin sa'a a faɗa hannun likita ta gaske ba.

Mataki na 5: Yi mata ba-zata

Kada ka faɗa mata abin da za a je yi. Da safe, tana wanke-wanke, ka tsaya a ƙofar kicin kana kaɗa makullin mota, ka ce, "Shirya, yau zan kai ki asibiti."

Maman Auta ta saki soso cikin ruwa. Ta kira ni a waya: "Yaya, zo ki raka mu, yau ƙaninki ya tuna da ni." Na zo na tarar ta sa kayanta na fita kunya, ta fesa turare. A mota ta ɗora hannu a kan cibiyarta, tana kallon titi tana murmushi ita kaɗai. Ni ma har na fara sa wa yaron albarka a zuciyata.

Ɗakin jira kujeru ne masu laushi da furen roba, bangon kuma hotuna ne bibbiyu, babu kai babu ƙafa, ƙirji zalla. An rubuta "kafin" a ƙarƙashin ɗaya, "bayan" a ƙarƙashin ɗayan. Ta dubi bangon, ta dubi mijinta, ta sake duban bangon. Sai ta sauke hannunta daga cikinta, ta ɗora a kan jaka.

Kai dai ka ci gaba da danna waya. Ba kyau namiji ya cika kallon fuskar matarsa a bainar jama'a.

Mataki na 6: Amsa mata tambayoyi

Likitar babbar mace ce mai furfura, gilashinta a kan karan hanci. Ta ce, "Baiwar Allah, me ke tafe da ke?" Kada ka bari matarka ta wahala. Ka karɓe maganar, kamar yadda ƙanena ya yi: "Likita, gyara muke so. A ɗan ɗaga, a ɗan cika. Kin gane ai."

A kan teburin akwai samfurin abin da ake sawa, jakunkuna masu taushi kamar an ɗura ruwa a leda mai kauri. Ɗauki babbar, ka matsa, ka auna nauyinta a tafin hannu. Yi tambayoyin da suka nuna ka san kaya. Ƙanena ya ce, "Wannan na kamfani ne ko kwaikwayo? Garantin shekara nawa ne?"

Daga nan likita za ta fara dogon bayani. Za ta ce ba abu ne na har abada ba, wata rana sai an sake yanka an canza ko an cire. Za ta ce yakan fashe, naman da ke kewaye yakan taurare ya yi ciwo, wurin yakan mutu a daina jin taɓawa, tabo kuma ba ya ɓacewa. Za ta yi maganar allurar barci da haɗarinta, da abin da kan samu shayarwa in an sake haihuwa. Za ta ce makonni za a yi wadda aka yi wa aikin ba ta ɗaga yaro ba, ba ta ɗaga bokiti ba, sai da mai jinya tsayayye.

Ba sai ka saurara ba. Duk inda ta ja numfashi, ka gyaɗa kai ka ce, "Ba matsala." Ba a jikinka za a yi ba, don haka gaskiya ka faɗa.

Likitar ta cire gilashi ta ce, "Malam, kai za a yi wa aikin?"

"A'a, ita."

"To jira mu a waje."

"Ni ne fa mijinta."

"Shi ya sa ban ce ka tafi gida ba."

Na miƙe zan bi shi, Maman Auta ta riƙe bakin mayafina. Na koma na zauna.

Mataki na 7: Nemi ragi

Abin da ya faru bayan an rufe ƙofa bai shafe ka ba, amma ga shi don cikar ilimi. Likitar ta ce, "Ke kina son aikin nan?" Maman Auta ta ce, "Ni sai da na ga bango na san abin da ya kawo mu." Likitar ta ce, "To tun da kin zo, akwai inda ke damun ki a jikinki?"

Na daɗe da sanin yarinyar nan, haihuwa huɗu ban ga hawayenta ba. Ranar na gani. Ta hau gado ta ɗaga riga. Likitar ta sa ta yi tari, ta danna, ta sake dannawa. Ta ce naman da ya tare ciki ne ya buɗe, hanji ke leƙowa ta wurin. Idan wata rana ya fito ya maƙale ya ƙi komawa, maganar rai ake yi. Ta ce ba a jinkirta irin wannan, kuma nan take ta kira abokin aikinta mai tiyatar ciki.

Za a kira ka ciki a yi maka bayani. Nan ne za ka nuna kai ɗan kasuwa ne. Ƙanena ya shafa gemu, ya yi nazari, ya ce, "To likita, tun da dai za a kwantar da ita, ba za a haɗa biyun a yi lokaci guda ba? Ai zai fi sauƙi."

Takalmi mai tsini ne a ƙafata, kuma ƙafarsa na kusa. Ban yi nadama ba.

Mataki na 8: Cika alkawarin da ba ka san ka ɗauka ba

An yi aikin cikin, an tashi lafiya. Likitan ciki ya ce kada ta ɗaga komai sai ta warke, ya tambayi wa zai kula da gida. Na ce ai maigidan ya riga ya ce ba matsala, sau da yawa ma, a gaban shaidu.

Don haka shirya. Za ka gano wanki idan ya jiƙe nauyinsa ninkuwa yake. Za ka gano Auta ba ya yarda a ajiye shi. Ranar da gas ya ƙare, na tarar da ƙanena a tsakiyar matakala da tukunya, ya dafa bango yana haki, idanu waje. Na tambaye shi lafiya, ya ce bayansa ne ya riƙe. Na ce iska ce, ya sha ruwan ɗumi.

Mataki na 9: Karɓi sakamakonka

Idan ta warke, kada ka bar maganar ta mutu. Namiji ba ya fara abu ya bari. Ƙanena ya same ta a falo tana ninke kayan yara, ina gefe ina tsinke zaren rigar Auta, ya yi gyaran murya. "To Maman Auta, yanzu da kika samu sauƙi, wancan batun namu fa?"

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma daina ninkewar ba. Ta ce, "Da ni ce na ga ina so, da na je da ƙafata na tambaya, na ji haɗarin da kunnena. Amma ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba. Ranar da ka ce in shirya, har turare na sa, Baban Auta. Na ɗauka ka ji ni ne."

Ta ɗora wando a kan wando, ta ɗauki kwandon ta shige ɗaki.

Tun daga ranar abinci na zuwa a kan lokaci, akwai sannu da zuwa, akwai a dawo lafiya. Amma ba ta ƙara ce masa ko farcenta na ciwo ba. Haƙori ya dame ta, ta je aka cire, bai sani ba sai da ya ga gurbin. Yana ta yi wa mai taya alfahari wai matarsa ta daina raki.

Sanarwa

Marubuciyar wannan jagora ba likita ba ce, ba kuma mai sasanta ma'aurata ba. Ba ta da alhakin ciwon baya, kumburin ƙafa, ƙonanniyar shinkafa, ko wani shiru da zai sauka a gidanka ya ƙi tashi. Na ce gidanka zai canza, ban ce zai yi daɗi ba. Duk wanda ya bi matakan nan shi ya so, kada ya zo mini da ƙorafi, don ni ma na koyi rashin ji a wurin gwani.

Kai kuma ƙanena, na san za ka karanta, don ka ga kalmar ƙirji a sama. Idan ka kira ni ka ji layi a cike, ba sai ka sake bugawa ba. Matarka ce ke faɗa mini inda ke mata ciwo.