Ranar da Na Ɗaura Ƙwarya a Ciki

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na wayi gari da cikin wata bakwai, na kuma sauka lafiya kafin azahar a gaban ma'aikatan gwamnati sun fi ɗari. (Ƙila ba su kai ɗari ba. Amma in kunya ta kama mutum, kowane ido biyu ake lissafa shi.)

Hutun damina ne, zamanin mulkin juyin juya hali, Inna ta sa ni a mota daga Djougou zuwa Parakou in zauna da Yaya Mariyama a unguwar Guéma. Mijinta direban babbar mota ne, kullum yana hanyar arewa, ita kuma ga cikin fari ya tsufa. Shekaruna goma sha biyar, amma tsawonmu ɗaya da Yaya, goshinmu ɗaya, har wushiryarmu ɗaya. Bambancinmu kawai ita Allah ya ba ta hankali.

Yaya tana aiki a wani kantin gwamnati kusa da kasuwa, inda ake sayar da atamfa da sabulu da sukari. Daga safe har yamma a tsaye take bayan kanta. Da can akwai kujeru, sai shugaban kantin, Kamarad Direkta, ya sa aka kwashe su, wai bai dace mai hidimar jama'a ya zauna alhali jama'a na tsaye ba. Shi dai yana da tasa a biro, wato ofishinsa, mai juyawa, ina jin don ya riƙa juyawa tare da juyin juya hali.

Ciwon Yaya ba irin wanda ake gani ba ne. Ba zazzaɓi, ba kumburi, ba jini. Ta ce mini ƙashin nan na gaba, can ƙasan mara, ji take kamar an sa farce ana ɓara shi gida biyu yadda ake ɓara goro. Ba ta iya tsayawa da ƙafa ɗaya ta sa takalmi. In za ta tsallake kwatar ƙofar gida sai ta tsaya ta yi bisimilla ta dafa bango. Kafin ta tafi aiki takan ɗaure ƙugunta tamau da tsohon ɗankwali a ƙarƙashin zani, a kantin kuma in aka nemi atamfar da ke saman kanta, ita ce za ta hau tsani. Ta roƙi kujera da baki, Direkta ya ce ciki ba cuta ba ne, uwarsa ma a gona ta haife shi. Ta rubuta takarda, ya ce yana nazari.

A nan ya kamata in faɗi laifina na farko. Ni ma ban yarda da ita ba sosai. Na ga Inna tana daka har ranar da ta haifi autanmu, saboda haka a raina na ce Yaya raki ne da ita, aikin kanti ya mayar da ita madam. In tana tafiya a tsakar gida, ƙafa a ware, tana rangaji, sai in bi bayanta ina tafiyar agwagwa, matan gidan haya suna toshe baki da zani. In ta waiwayo in yi kamar ina neman tsintsiya.

To, kun san aikin gayyar Asabar. Duk ma'aikatan gari za su fita gonar gama-kai a bayan gari, a kira suna, a raba fartanya. Wanda ya yi fashi sau uku, sunansa ya hau sama, kuma sunan da ya hau sama ba ya saukowa da aiki a hannu. Yaya ta riga ta yi fashi biyu. Ranar ta ukun ta yunƙura za ta tashi daga katifa, ta yi ƙara, ta koma. Sai ta miƙo mini wata takarda mai hatimi da ungozomar asibiti ta ba ta, mai cewa kada a sa ta aikin ƙarfi ko doguwar tsayuwa.

"Ki kai wa mai kiran suna, ki ce daga Mariyama ta kanti. Ki gaishe shi, ki ba shi, ki dawo. Kin ji ko?"

"Na ji, Yaya."

Na ji ɗin. Amma ina fita tsakar gida sai basira ta sauko mini. Na ce mutumin da bai ji roƙon baki ba, takarda za ta yi masa me? Abin da suke so shi ne a kira Mariyama a ji an amsa. Ga rigar aikinta a kan igiya, ga malafar mijinta a rataye, ga ƙwaryar da muke dama fura a kife a kan turmi. Na shiga madafa na kifa ƙwaryar a cikina, na ɗaure ta da ɗankwali biyu, na ɗaura zani a kai, na zura rigar. Da na leƙa fuskata a ruwan randa har na tausaya wa kaina. Takardar kuwa na ninke ta na cusa a ƙugu, don ko da.

A gona kowa ya jeru, aka ɗaga hannu aka yi kirarin da aka saba: a shirye muke, gwagwarmaya na ci gaba. Mai kiran suna daga kwamitin juyin juya hali yake, bai san fuskokin mutane ba. Ya ce, "Kamarad Mariyama!" Na sunkuyar da malafa na ce, "Présente!" wato ga ni, da muryar mai nauyin jiki. Ya yi alama a takardarsa ya wuce. Wallahi a lokacin ji na yi babu mai wayona tsakanin Parakou da kogin Kwara.

Mutum ɗaya ce ta juyo ta ƙare mini kallo, Tanti Odile, wata dattijuwa 'yar kudu da suke tsayuwa tare da Yaya a bayan kanta. Ta matso ta ce a hankali, da Hausarta ta kasuwa, "Ke yarinya, ba na sani ba, ba na gani ba. Je ki zauna gindin itace da masu ciki, ki ba mutane ruwa."

Da na bi maganarta da yanzu ba ni da labari. Akwai mata biyu masu ciki a gindin ɗorawa, mai kiran suna ya yi musu rangwame suna raba ruwan sha. Amma na ji tsoron su, don mai ciki ta san ciki, kallo ɗaya za su yi mini su gane. Sai na karɓi fartanya na kama layina na masara.

Na fara da kyau. Ina sara ɗaya, ina dafa ƙugu, ina cewa wash. Sai wani ma'aikacin gidan waya da ke layin kusa da ni ya wuce ni yana fito. Ni da na saba yin hutu a gonar Kaka a ƙauyen Sérou, ni da na ci kyautar noma a gonar makarantarmu, mai buga wa wasiƙa tambari ya wuce ni? Na manta da ƙwarya, na manta da Yaya, na manta da wash. Na duƙa. Ciyawa na tashi ta bayana kamar kaji na tono. Na wuce na gidan waya, na wuce malaman makaranta, na kai ƙarshen layi na juyo na kama wani. Da na ɗaga kai in share gumi, sai na ga rabin gonar sun tsaya sun dogara da fartanyoyinsu suna kallona. A bakin gona kuma ga Kamarad Direkta, ya iso a makare a kan mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗinsa, takalminsa ko ƙura babu.

Aka busa usur aka tara mutane. Direkta ya yafito ni, na je na tsaya kusa da shi, malafa har hanci.

"Kamarad, ku dubi wannan mata! A kantina take. Ta rubuto mini wai ba ta iya tsayuwa, wai a ba ta kujera. Na ƙi, don na san ƙarfin yana nan, tunani ne ya yi rauni. Yau ga shi kun gani da idonku. Layi biyu, da cikin wata bakwai! Maganar kujera ta ƙare. Ku kuma da ke gindin itace, ku tashi ku ɗauki fartanya, ku yi koyi da 'yar'uwarku. A tafa mata!"

Aka tafa. Ban taɓa jin tafi mai ɗaci irin wannan ba. Na hangi ɗaya daga cikin matan nan tana dafa gindin ɗorawa tana ƙoƙarin miƙewa, ƙafa a ware, ta cije leɓe, daidai yadda Yaya take yi a bakin kwata. Tanti Odile ta zo ta bayana kamar za ta gyara mini riga, ta ce cikin kunnena, "Kin gama da yayarki."

Ina iya yin shiru in koma gida da yabo. Na yi tunanin haka, ba zan ɓoye ba, na kai ƙirga goma ina yin sa. Sannan na cire malafa na ce, "Kamarad Direkta, dakata."

Na sa hannu ƙarƙashin riga. Gumi ya sa ƙullin ɗankwalin ya cije, na ja ya ƙi, na sake ja ina murɗa jiki, har wata mata ta yi salati tana zaton naƙuda ce. Can ƙullin ya saki. Ƙwarya ta sulluɓo ta tsakanin ƙafafuna, ta bugi ƙasa, ta gangara, ta je ta tsaya a gaban takalmin Direkta tana lilo, da ɓurɓushin furar jiya a gefenta.

Kowa ya zuba mata ido. Sai wani tsohon masinja ya cire hula ya ce, "Barka da arziki! Mace muka samu ko namiji?"

Mutane suka zube. Na gidan waya har da zama a kan kunyar masara yana riƙe ciki. Ni kuwa ina tsaye, riga ta yi mini yawa, na lalubo takardar ungozoma daga ƙuguna na miƙa wa mai kiran suna da hannu biyu. Ya buɗe ta da ƙyar. Gumina ya jiƙa ta sharkaf, rubutun ya narke, hatimin ya zama wani tabo mai ruwan shuni.

Direkta ya daka mini tsawa: "Ke wace ce?"

Kafin in buɗe baki Tanti Odile ta amsa, da ƙarfi yadda na ƙarshen layi zai ji: "Ƙanwarta ce, Kamarad Direkta. Shekara uku Mariyama tana tsaye gabanka. Ni daga nesa na gane ba ita ba ce. Kai ka tsaya kusa da ita ka yi jawabi."

Dariyar ta canja hanya, kuma bai ji daɗin inda ta nufa ba. Ya hau mobilet ya tafi. Matan nan biyu suka koma gindin ɗorawa, babu wanda ya hana su.

Na dawo gida da ƙwarya a hammata, na durƙusa na zayyana wa Yaya komai. Na shirya wa mari. Sai ta fara dariya, dariyar ta taɓa mata ƙashin, ta dafe mara tana cewa, "Wayyo, bari, yana mini ciwo." Da ta lafa ta share hawaye, ban san na dariya ba ne ko na ciwo, ta ce, "Na ce ki zama ni? Kowa yana da dabara a kan ciwon nan. Direkta da tasa, Inna da tata, ke da taki. Ni abin da nake so a yarda yana nan." Sai ta ƙara, "Ina ganin inuwarki a bango in kina tafiyar agwagwa."

Na gwammace marin.

Ran Litinin aka ba ta takardar gargaɗi, aka ce in ba ta kawo sabuwar shaidar asibiti cikin kwana biyu ba, fashin na uku ya tabbata. Ba ta iya ɗaga ƙafa ta hau bayan babur, saboda haka a ƙasa muka tafi, hannunta a kafaɗata. Hanyar da nake yi da gudu kafin shayi ya huce, mun fi awa a kanta. Duk takun da ta yi ina jin sa a kafaɗata, yatsunta suna nutsewa a namana, tana tsayawa a kowace inuwa tana yi wa masu wucewa murmushi don kada su tambaya. A hanyar nan na daina zaton raki ne. Na kuma tuna cewa haka take zuwa kanti kullum, ba kafaɗar kowa.

Ba a kore ta ba. Kujera dai Direkta bai taɓa bayarwa ba. Tanti Odile ce ta kifa wani akwatin sabulu a bayan kanta, Yaya ta riƙa zama a kai, shi kuma in ya zo wucewa sai ya ɗaga kai yana ƙirga atamfofin sama. Haka aka yi har ta sauka lafiya. Ni kuma a Guéma sunana ya koma Maijego, matan gidan haya har ruwan zafi suke tambayata ko na yi wanka da shi.

Abin da na koya ba shi da tsawo. In mai ciwo ta ce yana ciwo, yana ciwo, ko da ba ki ga jini ba. In kuma ta aike ki, ki yi aiken da ta ce. Basirar da ta sauko miki tsakanin ɗaki da ƙofar gida, ki gaishe ta da kyau, ki ce mata kina sauri.