Basha Illiyasu Ya Kai Rahoto

Duk wanda ya zauna a unguwar Darrasa bai san Basha Illiyasu ba, ya yi asarar zama. Shekara ashirin da biyu ke nan da ya zo Alƙahira karatu, kuma saboda tsabar girmama ilimi har yau bai yarda ya gama ba. Turare da huluna yake sayarwa a wani lungu, amma ainihin aikinsa riƙon doka ne.

Muƙamin ya same shi ne ta dalilin Nata'ala, wani tela ɗan Maraɗi da aka ɗaure shekara guda saboda faɗa. Bayan wata takwas aka sake shi bisa sharaɗi: duk Alhamis ya je ofishin 'yan sanda ya sa hannu gaban jami'in da ke kula da shi, in ya saɓa ya koma ya ƙarasa wata huɗunsa. Lauya ya nemi maƙwabci ɗaya ya shaida cewa nan ne gidan telan. Illiyasu ya sa hannu a takardar shaidar. Layi ɗaya ne tak, amma washegari ya fito da kwat a kan jallabiya, da biro uku a aljihu. Ɗalibai suka laƙaba masa Basha, laƙabin manyan jami'ai a Masar, don tsokana, shi kuwa ya amsa da ɗaga hannu.

Nan take ya kafa dokoki. Tela zai gaishe shi sau biyu a rana. Keken ɗinki zai tsaya in Basha yana ƙailula. Jallabiyar Basha ce farko a layin ɗinki, domin gyaran halin mai laifi.

"Hukuma ta ɗora min amanarka," yakan ce, yana shan shayin da Balki, matar telan, ta aiko. "Ƙiftawa ɗaya zan yi, khalas, ka koma ciki."

Nata'ala bai taɓa karanta takardar ba, don haka ya yarda.

Wata Laraba ya kai ɗinki unguwar Dokki, can ƙetaren kogin Nilu, ba izini. Basha ya tare shi a bakin lungu.

"Ka tsallaka Nilu! Kogi guda, ba da sanina ba! Gobe zan kai rahoto. Haɗa kayanka."

Balki ta zo ta durƙusa. "Baba Illiyasu, don girman Allah. Wata huɗun nan wa zai riƙe mu?"

"Doka ba ta san kuka ba, 'yata."

Khalilu mai littattafai, tsohon abokinsa, ya ja shi gefe. "Illiyasu, irinmu ba ma shiga ofishin nan sai an kira mu. Ka san dalili." Basha ya ce ai abokin aiki ba ya jiran kira.

Da safe suka isa ofishin. Jami'in, wani gajiyayyen mutum mai suna Alaa, ya tura wa Nata'ala littafi, telan ya sa hannu. Sai Basha ya gyara kwat, ya buɗe jawabi da Larabcin tsofaffin littattafai, irin wanda ba a sayen ko burodi da shi. Ya ambaci amana, ya ambaci adalci, ya zo kan Nilu.

"Ni ma kullum ina tsallaka shi," in ji Alaa. "Mutumin nan bai taɓa fashin Alhamis ba. Yalla, Nata'ala, je ka aikinka. Kai kuma wane ne, ya hajj?"

"Abokin aikinka ne, mai sa ido a kansa."

"Tamam. Fasfo da iƙama."

Basha ya miƙa fasfo. Iƙamar, wato izinin zamansa a ƙasar, ta mutu shekara shida da suka wuce. Manyan ayyuka ba su bar shi ya sabunta ta ba.

Kwana biyu ya yi yana nazarin doka daga ciki. Sannan aka ce za a sake shi bisa sharaɗi: duk Alhamis ya zo ya sa hannu har takardunsa su daidaita, kuma maƙwabci ɗaya ya shaida gidansa. Ɗalibai duk suka ce suna da darasi. Balki ce ta zo da iƙamarta mai rai, ta sa hannu a layin nan guda.

Alhamis ta zagayo, su biyu suka shiga layi, tela a gaba. Da aka zo kan Basha ya zaro biro na farko, na biyu, na uku. Babu mai rubutu a cikinsu.

Nata'ala ya miƙa masa nasa. "Ma'alish, Basha, sai haƙuri. A nan ake sawa, ƙasa da nawa."