Ta'aziyyar da Wendell Stuckey Ya Ciro daga Rumbu

Duk wanda ya ce garin Elkhorn Bend bai haifi babban mutum ba, to bai taɓa kai karensa asibitin dabbobi na Dakta Halvorsen ba. Da ka tura ƙofa za ka gan shi a bayan kanta, wuya ɗaure da laktaye, tabarau a karan hanci, yana duban kwamfuta kamar mai tuƙa jirgin sama cikin hadari. Wendell Stuckey ke nan, Sarkin Rumbu, Kwafi-ka-manna na Farko, wanda rabonsa da ƙirƙiro jimla da kansa tun yana sakandare.

Kada a raina aikinsa. A rumbun bayanan asibitin akwai wani lungu da ake ajiye shiryayyun rubuce-rubuce, sai dai a cusa suna a tura: na tuna wa mutum allurar kyanwarsa, na jan kunne kan karen da ya yi teɓa, na barka da haihuwar maraƙi. Wendell ne ya tara su. Duk inda ya ga magana mai daɗi, a katin wani ko a saƙon wani asibiti, sai ya kwafe ya jefa rumbu, ya raɗa mata suna, ya kulle da lambar sirri. Shi ke nan ta zama tasa. Noreen, mai danne karnuka in za a yi musu allura, ta taɓa roƙonsa ya bar ta ta gyara layi ɗaya. Ya dube ta kamar ta nemi aron buroshin haƙorinsa.

"Noreen, ƙawata, mutane iri biyu ne," in ji shi. "Akwai masu wahalar tunani kullum, akwai wanda ya yi sau ɗaya ya adana. Abin da ya shiga rumbuna ya gama gyaruwa. Ko ni ba na sake karanta shi."

Nan kam bai yi ƙarya ba.

To, Dakta zai buɗe reshe a garin da ke gaba, yana neman manaja, kuma Wendell ya ƙwallafa rai. Har ya fara tafiyar manajoji, hannu a baya, yana gaida mutane da haɓa. Saura kawai Dakta ya furta.

Ana cikin haka Allah ya yi wa Ardis, mahaifiyar Dakta, rasuwa. Tsohuwa ce da ta haura tamanin, mai kawo wa ma'aikata kek tana zaginsu kan ƙurar taga. Dakta ya ce yana son ɗaya daga cikinsu ya yi magana a madadin asibiti a wurin cin abincin bayan jana'iza. Kafin ya rufe baki Wendell ya miƙe. Noreen ta ba shi shawara ya zauna ya rubuta abin da ya tuna game da matar. Ya yi mata murmushin tausayi. Mai rumbu guda ne zai zauna yana tauna biro?

Ya buɗe sashen ta'aziyya, wanda ya fi kowane sashe cika, tunda ba dabbar da za ta mutu a garin nan ba a aika wa masu ita kati ba. Ya danna mace. Ya danna tsohuwa. Ya danna ta daɗe a gidan, ya danna ta tafi cikin barci. Duk sun dace da marigayiya, har abin ya burge shi. Ya cusa sunan Ardis, ya buga, ya ninke, ya sa aljihu, ya tafi aski.

Ranar jana'izar, ɗakin ƙasa na majami'a ya cika, ga kofi, ga kwanukan gasasshen dankali da nama jere kan tebur. Dakta na gaba, kusa da mahaifinsa Orrin, mijin marigayiya, wanda kunnensa ke jin abin da ya ga dama. Wendell ya gyara murya, ya ware takarda.

Farkon ya yi kyau. Ardis 'yar gida ce, ta bar giɓin da ba mai cikewa. Mata suka fara laluben hankici. Wendell ya ji muryarsa tana dawo masa daga bango, ta yi masa daɗi, daga nan bai ƙara jin abin da take faɗa ba.

"Kullum takan tare ku a bakin ƙofa da murna," ya karanta, yana ɗaga hannu. "Ba ta neman komai sai kwanonta da ɗan shafa a kai. Ko da ƙafafunta na baya suka gaza, ba ta daina binku ɗaki-ɗaki ba. Kuma duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa cizon kowa ba."

Wata tsohuwa a baya ta ce wa ta kusa da ita, da muryar da ta ɗauka raɗa ce, lallai wannan bai san Ardis ba. Fasto ya sunkuya yana nazarin takalminsa. Noreen ta cusa fuska cikin hankici, kafaɗunta na rawa. Wendell ya hango ta, ya tabbata ya taɓa zukata, ya ƙara murya don layin ƙarshe.

"Ba muna cewa za a maye gurbinta ba. Amma in zuciya ta huce, ku tuna akwai da yawa irinta suna jiran gida. Ku leƙo ku zaɓi wata."

Sai tsoho Orrin ya ɗaga hannu a hankali.

"Ɗan nan," ya ce, "ƙarfe nawa kuke buɗewa?"

Dakta ya taso, ya zare takardar daga hannun Wendell, ya duba samanta inda hoton sawun kare yake, ya mayar masa. Manajancin kuwa wata mata daga birnin Duluth aka ba.

Wendell bai karaya ba, manya ba sa karaya. Ya bayyana wa duk mai tsayawa a kanta cewa rubutun ba shi da aibu, rabe-raben rumbun ne bai cika ba, kuma ya riga ya magance matsalar. Ya buɗe sabon sashe, ya raɗa masa suna Mutane, ya kulle da lambar sirri.

Har yau ba komai a ciki. Bai samu inda zai kwafa ba.