An Cike wa Labaran Ramin Ido

Jama'a, jiya tun da hantsi nake layin mai da tsohon babur ɗina, maƙwabcina Labaran yana zaune a gefen titi ya dafe idonsa na hagu da rawani. Tasha zan kai shi mu hau motar Kaduna. Sai da rana ta take aka ce mai ya ƙare, dole na koma wajen 'yan bumburutu, suka sayar min da rabin mai rabin kananzir.

Bari in gaya muku yadda aka haihu a ragaya. Duk wanda ke noma a bakin dajin nan, daga Tsohon Birnin Gwari har Dogon Dawa, ƙasan idonsa ya zurma. Barcin zomo muke yi, kunne na sauraron ƙarar baburan 'yan bindiga. To, Mai Girma Uban Alkawura, Allah ya ja zamaninsa, yana son hoton bango da manoma masu annuri, don duniya ta shaida lafiya ta samu. Mai hoto ya duba mu ya ce waɗannan fuskokin za su ɓata aiki.

Ku ji hikimar manya. Wani mai ƙaramin tunani irina da sai ya ce a sama mana barci. Su kuwa sai suka turo wani mai farar riga da jaka, ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ya ce zai yi allurar da ke cike ramin ido, kyauta, da buhun taki a kai. Labaran bai ji maganar allura ba, taki ya ji.

Na ce, "Labaran, wannan likita ne?"

Ya ce, "Ka ga rigarsa ai."

Na ce, "Mahautan Kaduna ma suna sa farar riga."

Ya ce, "Kai dai baƙin cikinka ya yi yawa. Masarata ta yi ja, da me zan ciyar da yara?"

Gaskiya ya faɗa. Aka soka masa. Nan take ya ce ido na yi masa zafi, yana ganin duhu-duhu. Mai jaka ya ce alamar magani na aiki ke nan. Mai hoto ya ɗauke shi a wurin.

Da yamma na tarar da Shafi'u, direban Mai Girma, yana shan shayi. Na tambaye shi ko Oga ma a gindin bishiya aka yi masa tasa allurar, tunda fuskarsa ta yi sumul kamar ta jariri. Har ya ƙware don dariya.

Ya ce, "Wa? Oga sai da ya tantance likitoci kamar mai zaɓen suruki. Ƙwararren likitan fata ya samu, ya sa aka duba lasisinsa, aka nuna masa kwalba a rufe da sunan magani. Ya ce sai irin wanda ake iya narkarwa in an samu matsala. Likitan ma ya gaya masa, in allura ta shiga jijiyar jini, mutum na iya makancewa, kuma in gani ya fara dushewa ba a kwana a gida."

Ashe sun sani. Wannan shi ya fi ƙona min rai. Labaran kuwa ya kwana biyu a gida yana ɗiga ruwan tsamiya, don mai jaka ya ce zai wuce.

A Kaduna likita ta tambaye mu abin da aka zuba masa. Muka kalli juna. Babu kwalba, babu suna, mai jaka ya bi iska. Ta daɗe tana haska idon, sannan ta ce mun makara, na hagun ya tafi, sai dai a lallaɓa na dama. Labaran bai yi kuka ba. Tambayarta ya yi ko mai ido ɗaya zai iya hango babur daga nesa in yana gona. Ni ne na fita waje.

Da muka dawo yau, sai ga hoton a bangon tasha, ƙato. Ga Mai Girma yana murmushi, ga Labaran a gefensa, an juya shi ta ɓangaren dama. A ƙasa an rubuta: Manomanmu Sun Samu Kwanciyar Hankali. Ya tsaya ya karkata kai yana kallo, ya ce, "Wallahi na yi kyau."

Takin dai an ce yana hanya. In ya iso, Mai Girma, a taimaka a ajiye masa ta hannun dama, kada ya wuce bai gani ba.