Rariyar Malama Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ba ta da sauran dabara sai haƙuri, ni Malama Zulaiha Jalo, malamar wasannin motsa jiki mai ritaya a nan Azare, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da maƙwabta, har da waɗanda suka shekara ashirin suna yi mini dariya ta saman katanga, rasuwar abokiyar zamana, raket ɗina ta wasan tanis, wadda unguwa ta fi sani da Rariyar Malama. Ta rasu ranar Larabar da ta wuce, bayan sallar La'asar, tana da shekara ashirin da shida a hannuna. Shekarun da ta yi kafin ta zo hannuna Allah kaɗai ya san adadinsu, domin a gwanjo na same ta.

An haifi marigayiya a wata ƙasar Turawa da ba ta taɓa ba mu labarinta ba. Ta iso kasuwar Sabon Gari ta Kano cikin dilar takalma, ita da 'yar uwarta, an ɗaure su da roba guda. Ranar na raka ƙawata Bisi sarin kaya, wato Maman Darasimi mai shagon robobi da kwanuka a kasuwar Azare, wadda aka haifa a garin nan kuma ta fi wasunku iya Hausa. Ita ta ɗauki ja, ni na ɗauki shuɗiya. A motar dawowa wani dattijo mutumin Gololo ya daɗe yana kallonsu, can ya tambaye mu cikin ladabi ko rariyar tankaɗe ce ta zamani, kuma wane irin gari ne zai tsaya a ramuka masu faɗi haka. Maman Darasimi ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi. Kafin sati ya zagayo sunan ya bi ta, kuma da shi ta koma.

Duk wanda ya zauna da marigayiya zai shaide ta da haƙuri. Nauyi gare ta, ba na musu, mai ɗaukarta sai ya ci ya ƙoshi. Amma ba ta da ha'inci. In ka buga da tsakiyarta sai ta ce maka "tau!" da murya mai daɗi da ake ji har bakin titi. In ka buga da gefe sai ta ce "ƙwas," ta girgiza maka hannu har gwiwa, don ka san laifinka ne. Ba ta taɓa dukan ɗan kowa ba, duk da cewa an sha ba ta dalili. Sau ɗaya aka ci mutuncinta, lokacin da wata ƙanwar maigidana ta zo hutu ta ɗauke ta ta kakkaɓe katifa da ita. Marigayiya ta yafe. Ni ce dai har yau ban gama yafewa ba.

Kowace Laraba da kowace Asabar, da an idar da La'asar, nakan saka ta ƙarƙashin hijabi mu nufi tsohon filin siminti da ke bayan makarantar 'yan matan da na koyar. A can za mu tarar Maman Darasimi ta rufe shago ta riga mu, tana ɗaure takalmi tana zagin ragar da ta huhhuje. Shekara ashirin da huɗu muna haka. An ce mana mata da girmansu da jikokinsu suna tsalle a rana. An ce abin Turawa ne. Wata ma ta taɓa aiko min da nasiha a rubuce. Marigayiya ba ta tanka wa kowa ba, ta ci gaba da aikinta.

Ta daɗe tana fama da jinya. Zarenta ya fara tsinkewa shekara bakwai da suka wuce, kuma duk faɗin Azare ban sami mai ɗinkin raket ba. Kawu Bunu, wani masunci daga wajen Katagum da ke kawo busasshen kifi kasuwa, shi ya karɓe ta, ya juya ta, ya ce ai wannan ƙaramar koma ce, ya saƙe ta da zaren kamun kifi. Allah ya saka masa da alheri. Ta warke, sai dai muryarta ta sauya daga "tau" zuwa "buf," kuma ta yi wata guda kuliyoyin unguwa suna bin mu. Da mariƙinta ya sule na naɗe shi da robar tayar keke. Duk wannan ta ɗauke shi ba ƙorafi.

Amma ciwon da ya kai ta ƙasa ba na zare ba ne. Ya fara ne bara waccan, da mijin Maman Darasimi ya rasu, 'ya'yanta suka zo da babbar mota suka kwashe ta da kayanta sai Ogbomosho, garinsu na asali da ba ta taɓa yin wata uku a jere a cikinsa ba. Daga ranar babu wanda ya sake tsayawa a wancan gefen raga.

Na nema, kada a ce ban nema ba. Na bi tsofaffin ɗalibaina ɗaya bayan ɗaya, masu aikin asibiti da masu aikin banki da matan manya. Kowacce ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "In sha Allahu Malama, Asabar mai zuwa." Asabar ɗin nan ta zo sau ɗari. Maza suna da nasu filin, amma ba zan je in tsaya tsakiyar alhazai da wandon wasa ba, kuma su ma ba za su gode mini ba. Sai ya zamana in buga ƙwallo shida zuwa wancan gefen, in zagaya da ƙafata in tsince su, in bugo su baya, in sake zagayowa. Da Meram matar maigadi ta ga rabin fili ba kowa, sai ta fara shanya barkononta a kai. Ban ga laifinta ba, siminti ne mai kyau kuma rana tana dukansa. Ni da marigayiya muka koma jikin bangon sito.

Bango kuwa mugun abokin wasa ne. Ba ya gajiya, ba ya dariya, ba ya rantsuwa cewa ƙwallo a ciki ya faɗi alhali a waje ne. Ba ya tambayar lafiyar jikokinka. Ranar Laraba ya maido min wani ƙwallo gajere, na ruga da zuciya ɗaya kamar mai shekara talatin, marigayiya ta daki bulo da wuyanta. Maganarta ta ƙarshe ita ce "ƙaras." Na tsaya riƙe da mariƙi, kanta yana lilo a jikin zaren Kawu Bunu. Na garzaya da ita wurin Malam Uzairu mai walda, ya duba, ya ce wannan ba ƙarfe ba ce balle wuta ta kama ta, ya cire tabaransa ya ce min sai haƙuri. A kan bencinsa na zauna na yi kuka, wallahi, tsohuwa da ni, masu gyaran babur suna kallo.

Ta rasu ta bar 'yar uwarta ja a Ogbomosho, wadda aka ce min tana rataye a ƙusa saman firiji ba ta fita ko ƙofar gida. Ta bar ƙwallaye shida, duk sun yi sanƙo. Ta bar rigarta mai mataccen zif, da takalma ƙafa biyu da suka shanye a dunduniya. Ta bar ni.

Game da wadda za ta gaje ta, iyalai suna sanar da cewa har yanzu ba a tsayar da magana ba, kuma ga dalili. Ɗana Bahauddeen ya bugo daga Kaduna ya ce, "Umma, don Allah raket ce fa, a sayi wata." Ya yi magana da Chidera mai shagon rigunan ƙwallo a bakin kasuwa, shi kuma ya sa aka aiko masa da guda uku daga Kano, da sharaɗin in gwada in zaɓa zuwa ranar Litinin, sauran a mayar. Ɗaya mai faɗin kai ce, ba nauyi ko kaɗan, an ce ita ke yi maka ƙarfin. Ɗaya ƙaramin kai gare ta da nauyi, ta masu saiti. Ta ukun an ce tana murɗa ƙwallo ya faɗi ya yi tsalle ya wuce kafaɗar mutum.

Chidera ya jera min su a kan kantar shagonsa ya ce, "Mama, ba a zaɓen raket da launi. Ki gaya min yadda kike wasa. Kina tsayawa a baya kina dukan ƙarfi, ko kina rugowa bakin raga ki kashe? Ƙarfi kike so ko saiti?"

Ni da na shekara talatin da biyar ina koya wa yaran mutane yadda ake riƙe abin nan, sai kawai na ce ya ba ni su in je in gwada. Na kwashe su na kai wa bango. Na buga da ta fari, ya maido. Na buga da ta biyu, ya maido. Ta uku ma haka. Ko oho, wai shi duk ɗaya ne a wurinsa.

Mutum ɗaya ce a duniya ta san amsar, don haka na buga mata waya. Na yi mata ta'aziyya, ta yi min. Sannan na ce, "Maman Darasimi, don girman Allah, yaya nake wasa?"

Ta yi dariyarta ɗin nan mai tari a ƙarshe, ta ce, "Malama, da can ke muguwa ce. Kina jefa ni dama, ki jefa ni hagu, in koma shago ƙafata tana rawa. Amma tun shekarar da gwiwata ta lalace kika daina. Duk ƙwallon da kika bugo a gabana yake sauka, taku ɗaya zan yi in same shi. Shekara tara kina yi. Kin zaci ban sani ba?"

Ni a tunanina asiri ne tsakanina da marigayiya. Har nakan yi tsaki da gangan, in ce hannuna ne ya kuskure, don kada ta ji na raina ta. Na ce, "To me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "In na faɗa ai kunya za ta sa ki daina, ni kuma in kin daina sai dai in zauna a gida." Sannan ta ce, "Yanzu da wa kike bugawa?"

Na ce mata netwok ba kyau, ba na jin ta sosai, zan sake kira.

Washegari na koma wurin Chidera na tambaye shi ko a cikin ukun akwai wadda aka yi don ajiye ƙwallo inda abokin wasa zai iya kaiwa. Bawan Allah ya daɗe yana latsa wayarsa. Ya ɗago ya ce duk rubutun da ya gani na yadda za a ajiye shi inda mutum ba zai kai ba ne. Ya ce, "Mama, wannan kam ba a takarda yake ba. Ki samo wadda za ta tsaya miki a gaba, hannunki zai zaɓa da kansa." Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ta fi karyewar raket ɗin ciwo. Kewa ce ke damuna, jama'a, na faɗa a fili tunda takardar mutuwa ba wurin ɓoye-ɓoye ba ce.

Dangane da jana'iza, na tuntuɓi limamin unguwarmu, ya ce babu wanka, babu salla, kuma in ji tsoron Allah. Na karɓi fatawa. Za a binne marigayiya ranar Asabar mai zuwa bayan La'asar, a gindin bishiyar maina da ke gefen filin, cikin rigarta. Maigadi ya yi alkawarin haƙa rami, Meram kuma ta yarda za ta kwashe barkononta ta share wancan gefen na yini ɗaya.

Za a yi zaman makoki a nan filin daga an gama binnewa har a kira Magariba. Ba a shirya abinci ba, ba a ɗauko hayar kujeru ba, kuma ana roƙon masu ta'aziyya kada su zo da komai sai takalmin da ba ya santsi. Zan zo da raket ukun nan. In an kira salla ba wadda ta zo, ranar Litinin zan mayar wa Chidera kayansa duka, in yi masa godiya, ni da tanis kuma shi ke nan.

Ba taro nake nema ba, mace ɗaya ta isa. Ba sai ta iya ba, ba sai ta taɓa ganin ana yi ba. In tana da ƙiba ta zo, in tana da ciwon gwiwa ta zo, in kunya take ji ta zo da hijabinta har ƙasa. Ta zaɓi wadda ta yi mata a cikin ukun, ta zagaya wancan gefen raga, ta tsaya duk inda ta ga dama. Kada ta damu da gudu. Ƙwallon zai same ta a inda take.