Rasuwar Gadon da Ba Ya Hucewa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda rabinsa haushi ne, ni Aldona Vaitkus, tsohuwar malamar makaranta a nan garin Berisso, nake sanar da rasuwar gadonmu na ƙarfe. Ya rasu ranar Talata a tsakar gida, a hannun Nicanor mai walda, da izinina.

Marigayin ya fara aiki a gidan haya kusa da mayankar kamfanin nama, tun kafin a haife ni. Mutum uku ke kwana a kansa bi da bi: jiniya ta busa, wannan ya tashi ya tafi fiɗa, wancan ya dawo ya faɗa a gurbinsa da jinin shanu a farce. Mahaifina Kazys, da jirgin ruwa ya kawo daga Lituwaniya, na ɗaya. Sai Stoyan mutumin Bulgeriya, mai aikin ɗakin ƙanƙara. Na ukun yakan canza, gwargwadon wanda wuƙa ta raba da yatsu a watan.

Marigayin mai haƙuri ne, bai taɓa tambayar kowa ƙasarsa ba. Maganarsa ba ta wuce ƙiii in an hau, ƙiii in an sauka. A kansa Stoyan ya yi ta tari har ya cika, uwar gidan haya ta juya katifa, ta ce wa babana ya kwanta, lokacinsa na tafiya. Ya kwanta. Tarin ya bi shi. Da ya yi aure ya karɓi gadon, a kansa aka haife ni, a kansa huhun babana ya ƙare ina aji uku.

Ya bar katifa ɗaya da ba ta ganuwa, da ni.

Tsatsa ta daɗe tana cin ƙafarsa, amma ba ita ta kashe shi ba. Kwamitin bikin tunawa da baƙin da suka zo daga ƙetare ne suka ji labarinsa, suka ce gidan tarihi ya dace da shi. Kansila Ferreyra, yaron da na koya wa haɗa baƙi, ya zo da kansa, har da allon da za a kafa a jikin gadon: wai a nan baƙi suka kwana kamar 'yan uwa, suka gina ƙasa.

"Malama, ai abin alfahari ne," in ji shi.

Na ce masa babana da Stoyan ba su taɓa cin abinci tare ba. Wari da ɗumin jiki kawai suka sani na juna. Ya yi dariya, ya ce tsufa ne, mota za ta zo ɗaukar gadon ranar Asabar. Shekara arba'in ina karanta wa yara wannan ƙarya daga littafin gwamnati. Ba za a sa gadon ubana ya ci gaba da karanta ta ba. Shi ya sa na kira Nicanor ya yanyanka shi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Nicanor zai tura gutsattsarin a baro zuwa wurin masu narka ƙarfe, ina biye da sandata. Ba a buƙatar furanni ko jawabi. Motar kwamiti kuwa ta zo, kada ta koma haka: ta ɗauki allon zuwa maƙabarta, a kafa a kabarin Stoyan, in sun gano inda kamfani ya jefa shi. Ni na nema, ban samu ba.