Yadda Ake Kashe Zuciyar Malami Nagari Cikin Zango Uku

A watan Satumba na 2022, makarantar sakandaren da na taɓa shugabanta a Ƙaura Namoda tana da malamai goma sha tara a takarda, bakwai a aji. Daga abin da magajina ya yi da ɗaya cikin bakwan nan na tsara wannan jagora. Ya kai sabon shugaban makaranta, bi ta daki-daki. Sakamako tabbas ne.

1. Zaɓi wanda ba ya cewa a'a.
Kada ka wahalar da kanka da malamin da ke leƙowa ya wuce kasuwar Shinkafi. Wannan ba ya gajiya. Nemi irin Malama Dooshima, 'yar Binuwai mai koyar da kimiyyar sinadarai, wadda ke riga maigadi isowa.

2. Saka wa ƙwazo da ƙarin aiki.
Ta iya sinadarai? Ba ta lissafi. Ta iya shi ma? Ƙara mata ɗakin gwaji, wanda ba ruwa, ba rufi. Masana sun tabbatar cewa hutu yana lalata ma'aikaci.

3. Haɗa aji.
Idan 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka, ɗaliban Banga da Kurya Madaro suka kwararo gari, zuba mata su duka a ɗaki ɗaya. Na baya ba sa ji? Ta ɗaga murya.

4. Amsa kuka da yabo.
Ranar da ta shigo ofis da murya a dishe, ta ce, "Ranka shi daɗe, a rage mini aji ɗaya kacal, ko masu jarrabawar fita su samu abin kirki," miƙe tsaye don girmamawa. Ce mata, "Haba Malama! Ke ce ginshiƙin makarantar ga. In na karɓe, wa zan ba?" Kashegari sa a tafa mata a taron safe, ka naɗa ta jami'ar jarrabawa.

5. Gane alamar nasara.
Alamar ba fashin aiki ba ce. Za ta zo, ta cika allo da rubutu, ta zauna. Samira, yarinyar da ke burin zama likita, za ta ɗaga hannu: "Malama, ban gane ba." Idan ka ji Malama ta ce, "Kwafe kawai," ba tare da ta ɗago kai ba, aikinka ya kammala.

Gargaɗi: marubucin ya yi ritaya, kuma ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Malama Dooshima ba ta ajiye aiki ba, ba ta kuma sake yin ƙorafi ba. A 2024 aka rufe ajin kimiyya, saboda babu ɗalibin da ya zaɓe shi.